Ƙanin mijina na faɗa mini ƙarshen shiri kafin in kalla, har mun daina magana

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, muna zaune a Ɗorayi a gidan su maigidana. Mu muna sashenmu, Hajiya tana nata, ƙaninsa kuma, autan gidan, yana shagon ƙofar gida. Akwai wani shiri mai dogon zango da nake bi tun farkonsa. Daren da ake sakin sabon kashi galibi ina wajen aiki, sai ranar hutuna nake samun zama in kalla. To, Auta ya mayar da abin nan hanyar tsokanata. A ƙarshen zangon da ya wuce, a soro ya tare ni na dawo daga aikin dare ko hijabi ban cire ba, ya ce, "Matar Yaya, ina yi miki ta'aziyya, mutuniyarki ta mutu, kuma mijinta ne ya sa aka yi." Na nuna masa ban ji daɗi ba, ya yi ta dariya. Wannan karon kuma hoton wurin ƙarshe ya ɗauko ya tura a guruf ɗin gida na WhatsApp, har da kiran sunana. Na fita daga guruf ɗin, na toshe lambarsa, yau sati biyu ko gaisuwarsa ba na amsawa. Maigida ya ce yanzu a kan fim zan raba kan gida? Hajiya ma ta fara tambaya. Har yanzu ban kalli kashin ba, duk ya fita daga raina. Ni ce ban kyauta ba?

Wata baiwar Allah daga Ɗorayi, Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da aiki, Allah ya ba da lada a kan dawainiyar marasa lafiya.

Ɓacin ranki yana da tushe, kuma kada ki bari a sa ki jin kunyarsa. Amma gabar sati biyu ba ki kyauta ba, kuma ita ce abin da ya fi gaggawar gyara a cikin duk abin da kika faɗa. Biyun nan duka gaskiya ne, ɗaya bai goge ɗaya ba.

Wanda ya ce miki "a kan fim?" bai duba abin da aka ɗauke miki ba. Kin kwana a tsaye kan marasa lafiya, kin dawo akwai girki da wanki da yara da gaishe da Hajiya. A cikin mako guda, awa ɗaya ko biyu ce kika ware wa kanki, kin san ranarta, kina ɗokinta. Watanni kina bin mutanen da ke cikin labarin, kina hasashen wa zai ci amanar wa, wataƙila har kuna musu da abokan aiki a kan haka. Masu shirya shirin sun jera komai ne domin wannan dare na ƙarshe, su riƙe ki har zuwa lokacin da asiri zai tonu. Kallon farko sau ɗaya ake yin sa. Za ki iya maimaita kashin sau goma, amma ba za ki sake kallonsa ba ki san abin da zai faru ba. Wannan ne Auta ya ɗauke, kuma ko ya ba da haƙuri ba shi da yadda zai mayar miki da shi. Ƙaramin abu ne idan aka auna shi da rashin lafiya ko rashin abinci, na yarda, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai iya kawo miki hujjar cewa ai masana sun gano sanin ƙarshen labari ba ya rage daɗinsa. Akwai wannan binciken da gaske. A shekarar 2011 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a Amurka, Nicholas Christenfeld da Jonathan Leavitt, sun bai wa ɗalibai sama da 800 gajerun labarai 12 su karanta. Wasu an faɗa musu ƙarshen tun kafin su fara, wasu ba a faɗa musu ba. A kusan dukkan labaran, waɗanda suka san ƙarshen sun ɗan fi jin daɗin karatun. Sai dai gajerun labarai ne da ake gamawa a zama ɗaya, ba shirin da mutum ya yi wata da watanni yana jira ba. Kuma a 2015 wasu masanan, Benjamin Johnson da Judith Rosenbaum, sun yi nasu gwajin suka samu akasin haka, wato labarin da ba a tona ba ya fi daɗi kuma ya fi riƙe zuciya. Daga baya ma suka nuna abin ya danganta da irin mutum: mai son labari ya girgiza shi ya fi cutuwa idan aka riga aka faɗa masa. Ke kin san wace iri ce ke. Akwai matan da idan suka ɗauki littafi shafin ƙarshe suke fara dubawa don hankalinsu ya kwanta, wannan zaɓinsu ne. Bambancin kawai shi ne su suka zaɓa da kansu, ke kuwa cusa miki aka yi.

Yanzu Auta. Kin fi ni sanin cewa tsakanin matar wa da ƙanin miji akwai wasa a al'adarmu, kamar yadda yake tsakanin taubasai ko jika da kaka. Da wannan rigar yake fakewa, kuma ina kyautata zaton a ransa gani yake yi kusanci ne, yana nuna ke ta gida ce. Shi ya sa ya zo miki da sigar ta'aziyya, don ya ga yadda fuskarki za ta sauya. Abin da yake nema ke nan, ba labarin shirin ne ya dame shi ba. Amma wasan dangi yana da sharaɗi, shi ne duka biyun su yi dariya. Ranar da ɗaya ya koma ɗaki ransa a ɓace, aka kuma maimaita masa a gaban dangi har da kiran suna, to an bar wasa an shiga rashin ganin girma. Ke matar yayansa ce, kina gaba da shi a gidan nan, ya kamata ya san inda zai tsaya.

Sai dai akwai tambayar da nake so ki yi wa kanki tsakani da Allah. Kin ce kin nuna masa ba ki ji daɗi ba. Nunawa kika yi ko faɗa masa kika yi? Domin ga mai tsokana, tsaki da harara da "Allah ya isa" cikin rabin dariya duk riba ce, su ne ma ladan wasan. Sau da yawa mu mata muna ɗauka cewa sauyin fuska ya isa saƙo, namiji kuwa, ballantana saurayi mai ji da ƙuruciya, sai an zaunar da shi an faɗa masa da baki, ba raha a ciki. Idan ba ki taɓa yin haka ba, to kin tsallake matakin farko kin faɗa na ƙarshe.

Ga abin da nake ba ki shawara. Tun yau ki amsa gaisuwarsa. Ba sai ya fara ba da haƙuri ba, ba kuma sai kin huce gaba ɗaya ba. Hadisin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Bukhari da Muslim suka ruwaito a bayyane yake: bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara yin sallama. Kin haura kwana ukun nan da nisa. Ban da haka, a gidan haɗaka shiru ba ya ɓuya. Hajiya ta riga ta lura, kuma idan maganar ta isa gare ta a haka, abin da za a riƙe shi ne matar wane ba ta amsa gaisuwar ƙanin mijinta, a manta da wanda ya fara. Kada ki bar ƙaramin laifinsa ya lulluɓe a ƙarƙashin naki.

Bayan kwana ɗaya ko biyu da dawowar gaisuwa, ki sa yaro ya kira shi tsakar gida a lokacin da yayansa yake nan, ba a gaban Hajiya ba, ba kuma a gaban abokansa ba. Ki yi masa magana a taƙaice, murya a kwance: "Auta, wasa tsakanina da kai ban hana ba, ka tsokane ni a kan girkina ko a kan komai. Amma wannan abu guda ɗaya ina roƙonka ka bari. Shi ne kaɗai hutuna a mako. Ka ba ni kwana uku bayan an saki kashi, in na kalla ni da kaina zan neme ka mu yi hirarsa." Ki lura da abu biyu a cikin maganar nan. Kin sa wa'adi, kuma kin bar masa ƙofa. Wanda ya kalli ƙarshen zango cikinsa cike yake da magana, yana neman wanda zai zazzage wa. In kika ce ya yi shiru har abada ba zai iya ba, amma kwana uku kowa zai iya. Mai yiwuwa ma ki tarar rabin tsokanar nan neman abokin hira ne, tunda ku biyu ne kuke bin shirin a gidan.

Idan ya ce shi bai ga abin zafi a ciki ba, ki kawo masa ta inda zai gane. Ki tambaye shi, ranar da ƙungiyarsa take wasan ƙarshe na cin kofi, wani uzuri ya hana shi zuwa gidan kallo, ya kashe data ya toshe kunnensa don ya zo ya kalli maimaici, sai ke kika tare shi a soro kika ce an ci su biyu da ɗaya a minti na casa'in, yaya zai ji? Wannan misalin zai yi wa maigida aiki shi ma. Ba na jin akwai mai kallon ƙwallo a Kano da zai ce wannan ba komai ba ne.

Maganar maigida kuwa, kada ki mayar da ita wata sabuwar rigima. Abin da ya gani shi ne matarsa da ƙaninsa ba sa magana, kuma shi ne a tsakiya, dole hankalinsa ya tashi. Ki same shi a lokacin da yake cikin natsuwa ki ce kin yarda gabar ba ta dace ba kuma kin janye ta, amma kina so ya san ba fim ne ya ɓata miki rai ba, rashin jin daɗinki ne kika nuna aka mayar da shi abin dariya a gaban dangi. Abin da kike nema a wurinsa kalma ɗaya ce ya faɗa wa ƙaninsa, "Ka bar mata wannan." A gidajenmu kalmar wa ɗaya ta fi dogon bayanin matar wa tasiri, ki yi amfani da hakan. Guruf ɗin gida kuma ki ce a mayar da ke. Nan ake sanar da haihuwa da rasuwa da ɗaurin aure, bai kamata ki rasa waɗannan saboda hoto ɗaya ba.

To, ko Auta ya shiryu gobe, ba ki tsira ba, domin shi ƙofa ɗaya ce kawai daga cikin ƙofofin da labarin yake shigowa. A da, lokacin da ake sayen kaset da faifai a Ƙofar Wambai, fim na ɗaya da na biyu ne, kowa yana kallo a lokacin da ya samu, kuma sai wanda kuka haɗu da shi ido da ido ne zai iya ɓata miki. Da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sai mutane suka saba da shirin da ake jira mako-mako. Daga wajajen 2020, lokacin kullen korona, masu shirya fina-finan Kannywood da dama suka karkata ga shirye-shirye masu dogon zango a YouTube. Yanzu gari guda ne yake kallon abu ɗaya a dare ɗaya, kowa kuma da waya a hannunsa. Kafin a yi sallar Asuba an yayyanka wuraren da suka fi zafi an watsa a TikTok da Facebook da sitatus. Masu ƙananan tashoshi kuma da gangan suke rubuta sirrin a kan take, su manna hoton gawa ko na ango da amarya, saboda yawan masu dannawa shi ne kuɗinsu. Ba za ki iya zaunar da waɗannan a tsakar gida ba, sai dai ki kare kanki.

A WhatsApp, daren da za a saki kashi ki sa wa guruf ɗin gida da na ƙawaye takunkumin shiru. Ana iya yi na awa 8 ko na mako guda, kuma ba wanda zai san kin yi. Ki kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye, ta yadda hoto ba zai buɗe sarai ba sai kin danna shi da kanki. Da kin yi wannan tun farko, da abin da Auta ya tura bai wuce dishi-dishi a idonki ba. Sitatus ɗin waɗanda kika san ba sa iya riƙe baki shi ma ana ɓoye shi ba tare da an toshe mutum ba. A Facebook akwai damar ɗauke rubuce-rubucen mutum ko shafi daga gabanki na kwana 30, bayan nan su dawo da kansu. A TikTok da X, wato Twitter ta da, kuma za ki iya rubuta kalmomin da ba ki son gani, kamar sunan shirin da sunayen jarumansa, a tace miki su. Tacewar ba ta kama komai, musamman da yake mutanenmu kowa da yadda yake rubuta suna, don haka tsakanin fitowar kashi da kallonki gara ki ƙaurace wa TikTok ɗin gaba ɗaya. Kwana biyu ne.

YouTube ya fi kowanne haɗari, domin nan za ki je kallon, kuma shafin farko cike yake da abin da manhajar ta san kina so. Kada ki rubuta sunan shirin a wurin bincike, sakamakon da zai fito shi ne tarkon. Ki shiga tashar masu shirin kai tsaye ta jerin tashoshin da kike bi, ko ki sa wata da kika amince da ita ta turo miki mahaɗin kashin shi kaɗai. Da ya buɗe ki cika fuskar wayar da shi, kada idonki ya sauka kan sharhin mutane a ƙasa. Kallo a tashar masu shirin yana da wani amfanin ma, su ne suka kashe kuɗi suka yi aikin, su ya kamata kallonki ya amfana. Idan kuwa wurin masu tura fina-finai a waya kike zuwa, ki faɗa wa yaron tun kafin ki miƙa masa wayar cewa ba ki kalla ba, domin da yawansu cikin son burge mai saye suke cewa, "Hajiya, wannan sai kin tanadi hankici, mutuwa za ta yi."

Akwai kuma hanyar da ta fi duk waɗannan sauƙi, wato ki rage tazarar. Kamfanonin waya suna sayar da datar dare mai rahusa, kuma kina farke a lokacin. Ki sauke kashin a wayarki cikin dare a lokacin hutunki, ba a kan aiki ba, in kin dawo gida kin yi barci kin tashi ki kalla kafin ki buɗe kowace manhaja. Na san kin fi son ranar hutu, a zauna a natse da kofin shayi. Ki bar sauran kasusuwan zangon a haka, amma na ƙarshe kam ya cancanci a yi masa gaggawa. A wurin aiki ma ki riga kowa magana, da kin shiga ki ce, "Don Allah ban kalla ba, a yi mini rai." Yawancin mutane ba mugunta ce take sa su faɗa ba, zumuɗi ne, kuma da an roƙe su suna kamewa. A cikin a-daidaita-sahu ne kawai ba ki da iko da bakin kowa, nan sai abin sauraro a kunne.

In kina bin na ƙasashen waje, na Turkiyya ko Indiya ko Koriya da ake fassarawa, ki sani da yawansu an gama nuna su a ƙasashensu da daɗewa. Neman sunan jarumi kawai a intanet don ki ga hotonsa yana iya kawo miki yadda ya ƙare a labarin, don haka ki bar binciken sai kin kammala.

Adalci kuma ya hau kanki ke ma. Ba zai yiwu dangi su yi wata guda suna rufe baki saboda mutum ɗaya ba. Kwana ukun da kika nema ki tsaya a kansu. In sun wuce ba ki samu kallo ba, wanda ya yi maganar a gabanki bai yi laifi ba, sai dai ki tashi ki ba su wuri.

Kashin nan da kika ajiye kuma, ki kalle shi a wannan makon. Kin san abin da ya faru, amma ba ki san yadda aka kai ga hakan ba, ba ki ga fuskokinsu ba, ba ki ji abin da aka faɗa ba, kuma hoto ɗaya ba ya ɗauke awa guda. Ba zan ce miki zai yi daɗin da zai yi da ba a faɗa miki ba, amma barin sa gaba ɗaya ƙarin asara ce a kan wadda aka riga aka ja miki.

Idan bayan kin yi masa magana a fili, yayansa ma ya yi masa, Auta ya sake, to kada ki ba shi abin da yake nema. Kada ki yi tsaki, kada ki ɗaga murya, ki ce "to" ki wuce ɗaki. Ki ci gaba da gaisawa da shi, ki ci gaba da zuba masa abinci kamar kullum, amma ki janye raha da shi har sai ya tambayi dalili. A lokacin ne za ki kai maganar gaban Hajiya, ke da maigida tare, kuma abin da za ki faɗa mata shi ne kin roƙi Auta abu a gaban yayansa, yayan ma ya yi masa magana, ya ƙi ji.